Uwar ɗan fari a ɗakin duba ido

Kowace shekara jami'a kan turo mana ɗaliban likitanci su yi 'yan makonni a sashen ido na asibitin da nake aiki a Tawa. Suna zuwa da farar riga sabuwa fil da kai cike da karatu, kuma yawancinsu ido bai dame su ba. Wannan so yake ya zama mai fiɗar ciki, waccan mai karɓar haihuwa, ido kuwa ɗan abu ne da za a haddace saboda jarrabawa a watsar. Ni kuma ba ni da haƙuri da irin wannan. Nakan gaya musu tun ranar farko cewa gobe za a jefa kowannensu wani ƙauye inda babu likitan ido ko na rantsuwa, tsohuwa za ta zo ta zauna gabansu, in ba su iya leƙa idonta ba babu mai leƙawa. Na san sunan da suke kirana da shi a bayan idona, kuma ba zan rubuta shi a nan ba.

Abin da na fi matsa musu a kai shi ne 'yar fitilar nan da muke leƙa cikin ido da ita don ganin jijiyar gani. Aikinta ba wuya a baki, amma sai ka matso kusa da majinyaci har goshinka ya kusa taɓa nasa, ka ɗora hannu a kansa, ka ɗaga fatar idon da babban yatsa. Kana shaƙar numfashinsa yana shaƙar naka, in goro ya ci ka sani, in albasa ce ka sani. Ɗalibai sukan yi ta noƙewa kwanakin farko, daga baya su saba. Wasu kuma sukan leƙa su ce sun gani alhali ba su ga komai ba, su kwatanta mini hoton da ke cikin littafi tsaf. Waɗannan nakan sa su maimaita har sai hannunsu ya gaji.

A wata shekara aka turo mini wani dogon yaro siriri, ɗan wani ƙauye bayan Bambeye. Shi kaɗai ne ɗan ƙasar Adar, wato yankin Tawa, a cikinsu, don haka ya zama tafintan sauran, musamman in tsofaffin Adar sun buɗe baki da Hausarsu, wadda ni kaina 'yar Damagaram sai da na shekara kafin kunnena ya kama ta. A karatu babu na biyunsa. Amma da zarar dattijo ya shigo ɗakin sai ya rusuna, ya kafa ido a ƙasa, in na miƙa masa fitila ya tsaya can nesa yana haskawa da miƙaƙƙen hannu. Na yi faɗa, na yi ba'a. Wata rana na ce masa in daga nan yake son ganin jijiya, gara ya koma Bambeye ya leƙo ta daga can, ya huta da kuɗin mota. Sauran suka yi dariya, shi ma ya yi murmushi, ya ce to Madam, ya matsa ɗan kaɗan wanda bai kai faɗin tafin hannu ba. Abu ɗaya na yaba masa, bai taɓa yi mini ƙarya ba. Kullum in na tambaya sai ya ce bai gani ba, har makonni suka ja bai taɓa ganin jijiyar kowa ba.

Ranar da na koya musu hawan jinin ido, wanda a makaranta suke cewa gilokom, na yi musu bayanin da na saba. Ruwan cikin ido ne yake taruwa ya danne jijiya a hankali, babu zafi babu ja. Ganin gefe yake fara ci, ya bar tsakiya sai ƙarshe, shi ya sa mutum zai iya zura zare a allura alhali rabin duniyarsa ya tafi. Abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Na ce musu sau da yawa mutanen gida ne suke fara lura, amma sai su ba abin wani suna: su ce tsoho ya yi girman kai, ana tsaye gefensa ba ya waiwayowa, ko su ce tsohuwa ta yi sakaci tana tuntuɓe da kwanuka. Sannan na nuna musu awon da ba ya buƙatar na'ura, ka zauna gwiwa da gwiwa da majinyaci, ya rufe ido ɗaya, ya kafa ɗayan a fuskarka, kai kuma kana shigo da yatsa daga gefe har ya ce ya gani. Ina cikin magana na lura dogon yaron nan ya daina rubutu.

Bayan azahar, da sauran suka watse neman abinci, na same shi tsaye a bakin ofishina. Ya ce yana da tambaya a kan wata mata. Na ce wace mata, don ba na son kewaye-kewaye. Ya daɗe yana murza hannun rigarsa, sannan ya ce, "Wadda ta haife ni."

Ko da na ji haka na san ɗan fari ne. Mu ma a Damagaram mun san kunyar ɗan fari, sai dai a birni ta yi sanyi. Ni 'yata ta fari ina kiran sunanta gatsal, har in rungume ta a gaban mutane, mahaifiyata kuwa har ta bar duniya ba ta daina harara ta a kan haka ba. Amma a gidansu yaron nan abin yana nan da ƙarfinsa. Ana yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ita ya tashi yana kira inna. Wadda ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta cin abinci yana wurin, in ya zo gaishe ta sai ta ja lulluɓi ta juya kai, ta amsa wa turmi ko bango. Duk saƙon da ke tsakaninsu ƙanwarsa ce ke kaiwa da kawowa. Ya yi saurin gaya mini cewa ba ƙiyayya ba ce, kamar yana tsoron in zarge ta. Duk motar da ta taso daga garinsu sai ta aiko masa da wani abu, ƙullin dakakkiyar kuka ko busasshen nama, a ce wai daga ƙanwarsa.

Sai ya ba ni labarin hutun da ya wuce. Ya je gaishe ta da hantsi, ya tarar tana zaune ƙofar ɗaki tana tsintar wake a faifai. Ya zauna ta hannun damanta, ɗan nesa kaɗan, yana jiran ta ja lulluɓi kamar kullum. Ba ta ja ba. Ta ci gaba da tsintar wakenta, kanta a buɗe, har da 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Shi kuwa tun da aka haife shi bai taɓa jin muryarta tana waƙa ba. Ya zauna shiru ya daɗe, daɗi ya cika shi, yana cewa a ransa girma ya zo, ta fara sakewa da shi. Da ya yi sallama sai ta zabura har faifan ya kife. Ko a lokacin ya ɗauka nisa ta yi cikin tunani. Ƙanwarsa ta taɓa ba shi labari suna dariya cewa akuya ta cinye rabin gero a gefen uwar tasu tana zaune ba ta kora ba. Sauran mutanen gida kuwa in sun ga ya tsaya gefenta ba ta waiwaya ba, ai ba abin tambaya ba ne, haka ta saba yi tun yana yaro.

"Na ɗauka ta fara sakewa da ni, Madam," in ji shi. "Ashe ba ta gan ni ba ne."

Na ji tausayinsa ƙwarai. Sai na ce a kawo ta cikin makon nan, kar a jira. In idon dama ya kai haka, to na hagu shi ne abin da za mu yi kokawa a kai, kuma kowane wata da ya wuce yana cin wani abu daga cikinsa.

Kawo ta kuwa ya zama aiki. Ya kira ƙanwarsa a waya, ƙanwar ta isar, amsa ta dawo cewa lafiyarta lau, ga kaka ta kama, wa za ta bar wa wake a gona. Ya sake aikawa, aka ce ta ce ita da ke zura allura da kanta me za ta je yi asibiti. Shi ya san dalilin gaskiya, ni ma na sani. Ba za ta taka ƙafa inda ɗanta na fari yake sa farar riga ba, a ce ta zo nuna kai da shi. Da ya ga haka sai ya zo yana lallaɓa ni wai in ba shi maganin ɗigawa ya aika mata. Nan na hau shi da faɗa. Na ce shi da ya fi kowa karatu a ajin, shi ne zai aika magani ga idon da ba wanda ya leƙa? Na sa ya sake kira, na karɓi wayar na ce ƙanwar ta miƙa wa tsohuwar, mu yi magana mace da mace. Muka gaisa, na tambayi gona da dabbobi, sannan na ce ina son ganinta, kuma na yi mata alkawari in ta zo zan kori yaron daga ɗakin. Ta ce wane yaro, ita ba ta da wani yaro a Tawa. Na ce to madalla, tun da haka ne babu abin da zai hana ta zuwa. Na ji ta yi 'yar dariya kafin ta miƙa wayar.

Ta biyo motar 'yan kasuwa ita da wata ƙanwarta, suka kwana wurin dangi, da safe suka zo. 'Yar ƙaramar mace ce, baƙa, mai tsage a kumatu, hannuwanta duk sun yi kanta saboda aiki. Ɗan nata tun da ya hango su daga nesa ya ɓace, ban ma kore shi ba. Sauran ɗaliban na tura su ɗakin masu jinya, don ba na son a taru a kanta.

Na rufe mata idon hagu na haska fitila a na dama, na tambaye ta ko tana ganin haske. Ta ce in kunna tukuna. Fitilar kuwa a kunne take. Da na gaya mata, ta sa hannu ta rufe na hagun da kanta, ta buɗe, ta sake rufewa, sannan ta yi salati a hankali. Sai a ranar ta san idon ya mutu. Na hagu yana gani, amma ganin ya tsuke ya koma tsakiya, kuma da na auna na tarar ruwan ya hau sosai.

Na yi mata bayani yadda zan iya. Na dama ya tafi, ba ni da dabara a kansa. Na hagu ana iya tsare abin da ya rage. Akwai maganin ɗigawa, amma na kullum ne har ƙarshen rai, in ya ƙare a ƙauye sai an zo Tawa, kuma na sha ganin yadda ake farawa da himma a bari bayan wata biyu. Abin da na fi so shi ne ɗan aiki da za mu yi mu buɗe wa ruwan hanya. Na gaya mata gaskiya cewa aikin ba zai ƙara mata gani ba ko kaɗan, tsayar da ɓarnar kawai zai yi.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Likita, ijiyar da ta mace kin ce ba ki iya mata komi. Wadda ke gani ita za ki yanka, kuma ba ta ƙara gani. To mi an riba?"

Tambaya ce mai hankali, kuma na sha jin ta. Na sake bayani ta wata hanyar, na kawo misali, na haɗa da ƙanwarta, har na ɗan ɗaga murya. Ta ce a garinsu akwai wanda aka taɓa wa ido yana gani ya dawo da sanda, ita za ta riƙe nata yadda Allah ya bar mata. Ta miƙe ta gyara zani, ta yi mini godiya. Ƙanwar ta ce in yi haƙuri, in ta kafe ba mai tanƙwara ta. Raina ya ɓaci, don na san in ta fita ƙofar nan, wata rana jagora za a kawo mini ita.

Sai na leƙa waje na ƙwala wa yaron kira. A raina na ce in har za ta koma gida haka, to dole wanda zai riƙa bibiyarta ya san abin da ke cikin idon. Akwai kuma haushi a ciki, ba zan ɓoye ba. Ya shigo kansa a ƙasa. Ita kuwa tuni ta ja lulluɓi ta juya wa ƙofa baya. Na ce mata nan wurin koyarwa ne, dokarmu ce duk idon da na duba sai ɗalibi ya duba bayana.

"Ki kira wani," in ji ta, ba ta juyo ba.

"Babu wani, Inna, duk na aike su. Nan ɗakina ne, kuma wannan ɗalibi ne. Ban san shi da wani suna ba."

Ƙanwar ta sa gefen mayafi ta rufe baki. Can tsohuwar ta koma kan kujera ta zauna, ta ce, "In aikinku na, ku yi."

Na sa ya jawo kujera ya zauna gabanta gwiwa da gwiwa, ya fara da awon gefe. Na gaya mata sharaɗin awon: ta kafa idonta a fuskarsa, kar ta kawar, in ta kawar awon ya ɓaci sai an sake daga farko. Ta sassauta lulluɓin. Ta ɗago kai a hankali, shi ma ya ɗago, don awon ba ya yiwuwa sai mai yi ya dubi idon da yake aunawa. Ya shigo da yatsa daga gefe. Yatsan ya yi tafiya mai nisa kafin ta ce ta gani. Ya shigo daga sama, ya shigo daga ƙasa. Awo ne da ake gamawa nan da nan, amma nasu ya ja, domin tana jinkirin amsawa, wani lokaci yatsan yana gaban hancinta ba ta ce komai ba. Na san tana ganinsa a nan, ba yatsan take kallo ba. Da wani majinyaci ne da na yi magana, amma ranar na kama bakina na juya ina gyara kwalabe a kan tebur.

Daga nan na ja labule na miƙa masa fitila. Ya tsaya can nesa kamar yadda ya saba. Ban yi faɗa ba, na ce masa matsa, ƙasa-ƙasa. Ya matsa. Na sake cewa matsa. Ya ɗora hannu a goshinta, ya ɗaga fatar idon da babban yatsa kamar yadda na koya masa, ya sunkuya har hularsa ta taɓa ɗankwalinta. Ya daɗe a haka. Sannan ya ce, da Faransanci don kar ta ji, ya gani, jijiyar ta yi fari, tsakiyarta ya rarake kamar ƙwarya, sai ɗan baki-baki ya rage. Daidai ya faɗa, kuma ita ce jijiyar farko da ya taɓa gani a rayuwarsa. Ya ajiye fitilar a kan tebur ya fita da sauri.

Na buɗe labule. Tsohuwar tana zaune hannuwanta a cinya, ba ta mayar da lulluɓin ba. Ta juya wajen ƙanwarta ta ce, "Tabon ga na goshinai, ashe shina nan. Dutsin murhu na, shina rarrahe. Ni na ɗauke shi." Ni ma tabon na san shi, ɗan ƙarami ne a saman girar hagu, makonni ina ganinsa ban taɓa tambaya ba.

Sai ta juyo gare ni. "Likita, in ba a yi aikin ba, ɗan abin ga da nike gani, shi ma tahiya za shi yi?"

Na ce zai tafi.

"To, a yi."

Mun yi aikin cikin makon, ruwan ya sauka, kuma ya zauna a sauke. Ganinta bai ƙaru ba, kamar yadda na gaya mata, amma abin da ya rage ya tsaya. Ɗalibin nan kuwa daga ranar ban sake ce masa matsa ba, har tsofaffi suna ƙorafin yana shige musu. Lokacinsu ya ƙare suka koma jami'a, wasu suka zo da sababbin fararen riguna, na ci gaba da faɗana.

Bayan wasu watanni ta biyo motar 'yan kasuwa ta zo in duba ta. Har yanzu ba ta faɗin sunansa, ni ma ban ambata ba. Na auna ruwan, na zauna gabanta na yi mata awon gefe, muka gama nan da nan. Tana ɗaura lulluɓi sai ta ce, ba don ta raina ni ba, amma awona da gaggawa, na ɗalibin nan ya fi natsuwa. Na ce gaskiyarta, hannuna ya tsufa. Na ƙara da cewa ai dama doka ce, duk wanda aka yi wa irin wannan aiki, ɗalibin da ya fara auna shi shi zai riƙa aunawa duk hutu, kuma ta gaya wa mutanen gida ni na ce. Ta ce in dai doka ce ba ta da ta cewa.

Ƙanwarta ce ta ba ni labari daga baya. Duk hutun da ya je gida, bayan ya gaishe ta ta amsa wa bango, sai ya ɗauko kujeru biyu ya ajiye a inuwar rumbu. Ta fito ta zauna, ta sassauta lulluɓi, ya zauna gabanta gwiwa da gwiwa. Mutanen gida sun san umarnin likita ne, kowa sai ya kama harkarsa. Ta ce awon yakan kai su har azahar.